Birin 'Yan Tsamiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ta biyo hanya ta iso bakin wuta.

Ta zo mu ji ta, mun gyara mata wurin zama.

To ku matso, ku bar ture-turen nan. Wanda ya yi gyangyaɗi ba zan maimaita masa ba.

An yi wani mutum, sunansa Jatau, a wani gari can gindin dutse. Manomin masara ne, kuma ya iya noma. Ba ya sata, ba ya cin amana, in ka shiga gidansa da yunwa ba za ka fito da ita ba. Abu ɗaya ne ke damunsa, shi ne abin da ke damun kowa a garin, wato an haife shi a ɓangare.

Garin nan ɓangare biyu ne. Akwai wata tsohuwar kuka gabas da kasuwa, akwai tsamiya a yamma. Tun zamanin kakanni wasu mutum biyu suka nemi sarautar garin. Magoya bayan ɗaya suna taruwa a gindin kuka, na ɗayan a gindin tsamiya. Aka yi ta ja, aka yi ta ja, har aka gaji aka naɗa wani daban. Mutanen nan biyu suka shirya, ɗan wannan ya auri 'yar wancan, suka tsufa suna cin tuwo a akushi ɗaya, suka mutu. Aka je aka gaya wa magoya bayansu cewa rigima ta ƙare, suka ce su ba su ji ba. Suka haifi 'ya'ya, suka bar musu gonaki da fartanya da ƙiyayya, 'ya'yan ma suka bar wa nasu.

Saboda haka ɗan Tsamiya ba ya shan miyar kuka. Ɗan Kuka kuwa ba ya shan kunun tsamiya, ko zazzaɓi ya kwantar da shi. Ku duba wahala don Allah. In 'yan Kuka suka ce a haƙa rijiya nan, sai 'yan Tsamiya su ce can. Sai a haƙa biyu, kowace ta tsaya rabi, mata su ci gaba da zuwa rafi da tulu. A garin nan in ka kawo labari ba mai tambayarka ko gaskiya ne. Abin da za a tambaye ka shi ne, "Wa ya faɗa?" Ko ce wa mutum ka yi rigarsa ta kama wuta, sai ya ji daga wane ɓangare maganar ta fito kafin ya duba.

Jatau ɗan Tsamiya ne, kuma na gaba-gaba. Maƙwabcinsa Ƙosau ɗan Kuka ne. Danga ɗaya ta raba gidajensu, layin ciyawar gamba ɗaya ya raba gonakinsu, amma shekara ashirin ba wanda ya ce wa wani ina kwana. In aka tambayi Jatau me Ƙosau ya taɓa yi masa, sai ya ce, "Ai ba sai ya yi ba. Ba ka ga irin tafiyarsa ba?"

Abin da Jatau ya fi so a duniya shi ne irin masararsa. Fara ce tas, mai manyan ƙwayoyi, ya gaje ta wurin ubansa. Kowace kaka sai ya zaɓi goyon da suka fi kyau, ya ɗaure su da ɓawonsu, ya zuba a wani ɗan rumbu bayan ɗakinsa, ya rufe. Matarsa Gwamma ta san doka. Ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa iri, don in iri ya tafi, damina mai zuwa ta tafi da shi.

Ana nan, ana nan, sai wani jan biri ya sauko daga dutse. An kore shi daga garuruwa da dama, har kunnensa ɗaya ya yage. Ya hau bishiya ya yi kwana uku yana kallon mutanen garin. Ran farko ya ga akuya tana cin garin da wata 'yar Kuka ta shanya, wani ɗan Tsamiya yana tsaye yana murmushi. Rana ta biyu ya ga jakin wani ɗan Tsamiya ya faɗa rami, 'yan Kuka suka ɗauko tabarma suka zauna kallo. Rana ta uku Biri ya sosa ƙeyarsa ya ce, "Na sami gari."

Lokacin masara ta yi goyo. Da hantsi Biri ya shiga gonar Ƙosau. Ya karya, ya ɓare, ya ci, ya yar. Ƙosau ya zo ya tarar da ɓarna, ya kwarma ihu. A wani gari in manomi ya yi ihu kowa fitowa yake da sanda. A nan 'yan Kuka kaɗai suka fito, kafin su iso kuwa Biri ya tsallaka gamba, goyo ɗaya a baki, biyu a hammata. Ya wuce ta gaban Jatau, har ya ɗaga masa hannu. Jatau ya jingina da fartanyarsa ya yi dariya har da hawaye.

Da yamma labari ya iso gindin tsamiya, inda jagoransu, wani dattijo mai suna Tunau, yake zaune a kan buzu.

Aka ce, "Wai biri ya shigo gari."

Tunau ya ce, "Wa ya faɗa?"

Aka ce, "'Yan Kuka."

Ya ce, "To babu biri. Kai Jatau, gonarka na kusa. Ka ga wani biri?"

Jatau ya ce, "Baba, ban ga komai ba. Ƙosau rago ne. Masararsa ta ƙi yin goyo, shi ne yake neman wanda zai ɗora wa."

Aka yi ta tafi. Jatau ya koma gida yana jin kansa kamar wanda ya ci yaƙi.

Biri ya koma gonakin 'yan Kuka ya sake komawa. Da abin ya ishe su sai suka yi masa kwanto da karnuka da majajjawa. Suka taso shi, ya zura da gudu. Bai nufi dutse ba. Ya miƙe ta cikin kasuwa, ya ratsa tsakiyar 'yan Tsamiya suna zaune, ya ɗare bishiyarsu. To ga biri dai a saman kansu, ba damar a ce babu shi.

Biri ya gyara zama a kan reshe ya ce, "Salamu alaikum, 'yan'uwa. Ni naku ne. Uwata a kan tsamiya ta haife ni, da tsamiya aka yaye ni. Mutanen can sun ce sai na ci 'ya'yan kuka, na ce ko zan mutu ba zan ci ba. Shi ne suka sa mini karnuka."

Kafin ya rufe baki 'yan Kuka sun iso, Ƙosau a gaba yana haki. Ya ce, "Ku ba mu ɓarawonmu."

Tunau ya ce, "Wa ya ce ɓarawo ne?"

Ƙosau ya ce, "Mu muka ce."

Tunau ya ce, "To mutumin kirki ne."

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Amma Jatau ya ga jama'a ta taru, ya ga Ƙosau yana zufa, sai bakinsa ya yi masa ƙaiƙayi. Ya miƙe, ya bugi ƙirji ya ce, "Ni Jatau na tsaya wa birin nan. Ku shaida, ku na gabas da ku na yamma. Ranar da na kira shi ɓarawo, a kaɗa miyar kuka a kawo mini tsakiyar kasuwa, in shanye a gaban kowa."

Mata suka rangaɗa guɗa. Aka kawo wata hula aka kifa wa Biri, aka ce daga yau shi baƙon 'yan Tsamiya ne, wanda ya taɓa shi ya taɓa su. 'Yan Kuka suka ja karnukansu suka tafi suna ƙwafa.

Daga ranar 'yan Kuka suka sa tsaro a gonakinsu. 'Yan Tsamiya kuwa ba su sa ba, don wanda ya tsare gona ya yarda akwai ɓarawo ke nan. Shi kuma Biri ba ya son wahala. Ya duba inda karnuka suke, ya duba inda babu, ya gyara hularsa.

Jatau ya je gona ya tarar an karya masa masarar kunya biyu. Ya tsaya, ya duba hagu, ya duba dama, ya ga Ƙosau yana leƙowa ta saman gamba. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Iskar jiya ba ta da kirki." Alhali ko ganye bai motsa ba jiya.

Ya sake zuwa ya tarar da totuwa a warwatse ko'ina. Ya ce, "Tsuntsayen bana sun yi ƙarfi." Ya tattara totuwar ya binne, don kar a gani.

Zuwa na uku ya tarar da Biri da kansa, zaune a tsakiyar gona da hula a kai, yana ɓare goyo.

Biri ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Jatau. Ɗanɗana maka nake yi. Na ji 'yan Kuka suna shirin yi wa masarar nan asiri, na ce gara abin ya faɗa kaina da ya faɗa kan iyalinka."

Zuciyar Jatau ta yi baƙi ƙirin. Hannunsa ya matse ƙotar fartanya har ya yi ciwo. Amma Ƙosau na nan bayan gamba, ya kasa kunne. Jatau ya ce, "Allah ya saka da alheri."

Biri ya ce, "Ba komai, ai yi wa kai ne." Ya ƙara karya biyu, ya tafi yana waƙa:

"Kuka ta ce, Tsamiya ta ƙi,
Tsamiya ta ce, Kuka ta ƙi,
Ku yi ta yi, kar ku gaji,
Ni dai Biri ina cikin gona."

Ba Jatau kaɗai ba ne. Duk ɗan Tsamiya abin da ke samunsa ke nan, kowa kuma yana ɓoyewa. Da yamma su taru a gindin bishiyarsu, kowa ya ce masarar bana sai godiya, Biri yana sama yana sakace haƙori. Su kuma 'yan Kuka, kar ku ɗauka sun fi hankali. Da suka ga gonakin da Biri yake ci, sai suka riƙa ɗaure karnukansu in zai wuce. Har nuna masa suke yi, suna cewa ta wane ta fi nuna. Biri ya raɗa musu cewa shi fa a gaskiya da garin kuka aka yaye shi, suka ce dama sun ga alama. In ya biyo ta gonarsu ya ɗan karya ɗaya ko biyu, sai su ce ladan aikinsa ne.

Kaka ta zo. Abin da Jatau ya samu jaki ɗaya ya kwaso shi, bai ko yi nishi ba. Ya zauna ya tsince goyon da suka tsira, ya ɗaure, ya zuba a ɗan rumbunsa ya rufe. Sauran bai kai su tsakiyar rani ba. Gwamma ta koma dafa tafasa da zogale, yau da ɗan ƙuli-ƙuli, gobe babu.

Wata rana ta ajiye masa kwanon ganye ta ce, "Maigida, birin nan ne fa ya kai mu ga haka."

Jatau ya ce, "Wa ya faɗa?"

Ta ce, "Ni na faɗa. Da idona na gan shi, kai ma ka gan shi."

Ya ce, "Da wa kika yi hira a rafi yau?"

Ta ce, "Da matan da ke ɗiban ruwa."

Ya ce, "Na sani. Bakin 'yan Kuka ne a bakinki."

Gwamma ta tashi ta koma madafi. Ita ma 'yar Tsamiya ce gaba da baya, amma yunwa ta fara buɗe mata ido.

Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗowa ta gabas. Kowa ya shiga sharar gona. Ran nan Jatau ya dawo gida da rana tsaka don ya sha ruwa, Gwamma ta tafi rafi. Yana shiga sai ya ji ƙurus, ƙurus, ƙurus daga bayan ɗaki. Ya leƙa. Murfin ɗan rumbu a ture, ga hula an rataye a kan tsani.

Wannan karon Jatau bai ce iska ba, bai ce tsuntsaye ba. Ya hau tsani a hankali, ya leƙa, ya ga Biri a ciki. Goyo biyu kawai ya ci, sauran iri na nan. Jatau ya ja murfi ya rufe, ya haye kai ya zauna.

Biri ya tura, Jatau ya danne. Ya sake turawa, Jatau ya sake dannewa. Amma murfi sai an ɗaure, igiya kuwa tana can zaure, in ya tashi Biri ya fice. Jatau ya buɗe baki zai yi ihun ɓarawo, ya tuna alkawarin miyar kuka, ya rufe. Sai ya ce da ƙarfi, "Jama'a, a taimake ni da igiya."

Wanda ya ji shi Ƙosau ne. Yana jin ƙarar rumbu ya gane. Bai tsaya tunani ba, ya suri igiya da kulki, ya haura danga, ya dira a gidan da bai taɓa takawa ba. Ya wurga igiya, Jatau ya cafe. Ƙosau ya riƙe tsani, Jatau ya fara zagaya murfi da igiya. Aiki yana tafiya daidai, kamar sun saba yi tare. Jatau ya ji wani sanyi a ransa. Irinsa ya tsira, ɓarawo ya shiga hannu. Har ya ji yana so ya ce wa Ƙosau sannu.

Hayaniya ta jawo mutane. 'Yan Kuka suka yi layi a bayan danga, 'yan Tsamiya suka cika ƙofar gida, Tunau yana dogara sanda a gabansu. Saura ƙulli ɗaya a gama.

To shi ma Ƙosau ɗan garin ne. Ya ga jama'a, bakinsa ya kasa haƙuri. Ya ce, "Ɗaure shi da kyau, Jatau. Ai tun farko na gaya muku ɓarawo ne."

Hannun Jatau ya tsaya a kan igiya. Wuri ya yi tsit. Sai aka ji murya daga cikin rumbu, a hankali, cikin ladabi.

Biri ya ce, "Malam Jatau, wa ya faɗa?"

Jatau ya dubi 'yan Kuka, ya ga haƙora a waje. Wata tsohuwa cikinsu har ta ce bari ta je ta ɗora tukunya. Ya dubi 'yan Tsamiya, ya ga kowa ya zuba masa ido, Tunau yana girgiza kai. Ya hango kansa a tsakiyar kasuwa da ƙwaryar miyar kuka, tana yauƙi a gemunsa.

Daidai nan Gwamma ta shigo da tulu a kai. Kallo ɗaya ta yi ta gane komai. Ta sauke tulu ta ce, "Maigida, kar ka tashi. Don Allah kar ka tashi. In miyar ce, ni zan kaɗa maka da man shanu, mu sha tare. Kwana nawa ne za a yi dariya a manta?"

Jatau ya ce, "Ke, yi mini shiru."

Ya warware igiya. Ya sauka daga kan murfi, ya buɗe. Ya juya ga jama'a ya ce, "Baƙona ne. Ni na ce ya shiga ya duba mini ko ƙwari sun taɓa iri."

Biri ya fito yana karkaɗe jiki, ya ɗauki hularsa ya sa, ya ce, "Ba su taɓa ba, Malam Jatau. Na duba sosai." Yana riƙe da goyo biyu a hannu.

Dariya ta ɗauke daga fuskar Ƙosau. Shi manomi ne, ya san abin da iri yake. Ya ce, "Jatau, bar maganar ɓangare. Na janye abin da na faɗa. Amma karɓe masarar hannunsa, ka rufe rumbun nan. Dubi gabas, ruwa ya kusa. Kar ka bar shi ya tafi da ko ƙwaya ɗaya."

Gaskiya ya faɗa, kuma da zuciya ɗaya ya faɗe ta. Amma daga bakin ɗan Kuka ta fito.

Jatau ya ce, "A gidana za ka gaya mini abin da zan yi da irina? Kai ka ce kar in ba shi?"

Ƙosau ya ce, "Ni na ce."

Jatau ya ce, "To ka gani."

Ya shiga rumbu da kansa. Ya riƙa miƙo masara, fara tas, irin ubansa, har ya kwashe. Ya haɗa ta dami guda, ya ɗaure da igiyar Ƙosau, ya ɗora wa Biri a kai. Ya ce, "Guzuri ne. Mu 'yan Tsamiya haka muke sallamar baƙo."

Ƙofar gida ta ɗauki sowa. Aka yi ta yi wa Jatau kirari, ana cewa ya kunyata 'yan Kuka, kunyar da ba za su manta ba. Biri ya yi godiya, ya yi sallama da gabas, ya yi sallama da yamma, ya kama hanyar dutse yana tangaɗi saboda nauyin kaya. Gwamma ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gyale.

Bayan kwana uku ruwan shuka ya sauka, mai yawa, ƙasa ta jiƙu har ciki. Gari ya waye kowa yana neman sungumi, wato doguwar fartanyar da ake sara ramin shuka da ita. Jatau ya tafi wurin Tunau ya durƙusa ya ce, "Baba, ko za a taimaka mini da ɗan iri?"

Tunau ya ce, "Jatau, kai namiji ne. Abin da ka yi jikokinmu za su ba da labarinsa. Iri kuwa, ka san yadda iska ta yi mana bara. Nawa ko rabin gona ba zai kai ba. Amma sunanka ya riga ya shiga tarihi."

Ya zaga gidajen 'yan Tsamiya, kowa ya ba shi kirari, ba wanda ya ba shi ƙwaya. Da ya dawo gida sai ya ga ƙwarya cike da iri an ɗora a kan danga. Ba a ce komai ba, ba a aiko da saƙo ba. Ya duba, ya ga jar masara ce, irin ta Ƙosau. Ya daɗe a tsaye yana kallonta. Yana so, wallahi yana so. Amma ya tuna in kaka ta yi, duk wanda ya ɓare goyo zai ga launinta. Ya sa yatsa ya ture ƙwaryar ta faɗa gidan Ƙosau, kaji suka taru a kai.

Ya ɗauki sungumi, ya ɗauki ƙwaryar shuka ba komai a ciki, ya rufe ta da faifai. Ya ce, "Gwamma, taso mu je. Ina sara, kina zubawa."

Ta ce, "In zuba me?"

Ya ce, "Ki dai riƙa sa hannu kina jefawa. Daga nesa wa zai gane?"

Ta ce, "Maigida, na bi ka a abubuwa da yawa. Amma ba zan binne iska ba."

Ya tafi shi kaɗai. Ya sara rami, ya sa hannu a ƙwarya, ya jefa, ya rufe da diddige. Ya sara, ya jefa, ya rufe. Layinsa a miƙe, tazararsa daidai, don na gaya muku ya iya noma. Ƙosau yana tasa shukar a hayin gamba, yana ganin hannun Jatau yana fitowa wayam. Ya ci gaba da shukarsa. Ya gane cewa duk abin da ya faɗa ƙara ɓata lamarin zai yi.

Rana ta take. Jatau ya yi rabin gona, zufa ta jiƙa shi, cikinsa yana ƙugi. Sai ga Gwamma tafe da akushi a kai, an rufe da faifai, kamar yadda mata ke kai wa mazansu abinci gona. Ta durƙusa ta ajiye a gindin wata bishiyar ƙirya, ta ajiye butar ruwa. Jatau ya ji daɗi. Ya yar da sungumi, ya zo ya zauna, ya wanke hannu, ya ɗaga faifai.

Akushi wayam, an wanke shi tas.

Gwamma ta ce, "Tuwon masarar da kake shukawa ne. Na ce bari in kawo maka ka fara ɗanɗanawa."

Jatau ya dubi akushi, ya dubi matarsa. Idonta ya cika da hawaye, ba wasa take yi ba. Ya ɗaga kai, ya ga Ƙosau a tsaye bayan gamba, ya dogara da sungumi yana kallonsu.

Sai Jatau ya gyara zama. Ya yi bismilla. Ya sa hannu a akushi, ya yanko, ya mulmula, ya kai baki, ya tauna, ya haɗiye. Ya sake yankowa. Ya ci loma bayan loma, ya suɗe yatsunsa ɗaya-ɗaya, ya sha ruwa, ya ƙaƙaro gyatsa. Sannan ya ɗaga murya yadda za a ji a hayin gamba ya ce, "Gwamma, tuwon yau ya yi daɗi. Gobe ki ƙara yawa."

Ya ɗauki sungumi ya koma bakin aiki, don akwai sauran rabin gona.

To kun ji, yara. In an kawo muku magana, ku fara duba maganar kafin ku duba fuskar mai ita. Mutumin da kuka tsana yana iya faɗin gaskiya, na gidanku yana iya yin kuskure, ciki kuwa bai san ɓangare ba. Ku biyun nan da kuka wuni ba ku magana, na gan ku. Ku tashi ku kwanta a tabarma ɗaya.

Ƙurunƙus, na sauke ta a nan. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya je ya girbe gonar Jatau.